Saran Juna a Akurkin Kaji: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Wannan jawabi a kan kaji ne. Watakila wani ya ce maganar kaza ba ta kai a kawo ta zauren hakimi ba. To, amma wanda ya san zaman talakawa ya san kaza ita ce asusun mace da yaro. Ita a ke kamawa a kai kasuwa ran da ciwo ya shigo gida, ita a ke yanka wa baƙo, da kuɗinta kuma a ke soma tarin kuɗin akuya. Gidan da ya rasa kaji 20 cikin mako guda ya yi hasara mai nauyi, ko da ba a kai kukansa fada ba.

Abin da ya sa a ka ga ya kamata a yi wannan bayani shi ne, kiwon kaji ya sake kama. A dā a kan saki kaza da safe ta yi yawonta a bola da bayan danga, da magariba ta komo akurki da kanta. Yanzu garuruwa sun cika, filaye sun zama gidaje, ga ɓarayi, ga motoci, ga maƙwabcin da ba ya son a tone masa lambu. Saboda haka mutane da yawa sun koma kulle kaji dare da rana, waɗansu a tsohon ɗaki, waɗansu a kejin waya a lungun tsakar gida. Ga kuma masu sayen 'yan tsakin gona 50 ko 100, sau da yawa da kuɗin adashi ko na rance. Kullen ba laifi ba ne. Amma ya zo da wata masifa wadda kazar sake ba ta cika saninta ba, watau kaji su riƙa saran juna, suna figar gashin juna, har ta kai su huda 'yar'uwarsu su ci namanta tana raye. Mai kaji ya kan wayi gari ya tarar da sagara a mace, bayanta a rarake, sai ya ɗora laifi a kan muzuru, ko gafiya, ko ma ya zargi maƙwabci da sammu. An sha ɓata zumunci a kan wannan, alhali kuwa ɓarnar daga cikin akurki ta ke.

Sara iri biyu ne

Dole a rarrabe tsakanin sara iri biyu, gama maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko saran mulki ne. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. A 1921 wani masani mutumin ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro ya ke lura da kajin gidansu, ya bayyana cewa a kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai saranta, akwai mai bi mata, haka har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke sara ita kuwa ba ta saran kowa. Wannan sara a kai ya ke sauka, ko a zanko, ko a ƙeya. In wuri yalwatacce ne ba ya zama komai, domin ƙarama ta kan sunkuyar da kai ta kauce, magana ta ƙare. Amma in ba wurin kaucewa, babba ta kan ɗauka raini ne, sai ta yi ta sara har fatar kai ta yage. Haka kuma duk sa'ad da a ka jefa baƙuwar kaza cikin garke, sai an sake sabon rikici kafin kowa ta san matsayinta.

Na biyu shi ne figar gashi, shi ne kuwa mafi muni. Ba faɗa ba ne. Kaza halitta ce mai tono. An lura da kajin daji na ƙasashen Asiya, waɗanda daga gare su kajin gida su ka samo asali, an ga fiye da rabin yininsu a tsince-tsince da tono ya ke ƙarewa. To, in an kulle kaza a daɓen siminti, a ka zuba mata abincin da za ta cinye cikin ɗan lokaci, bakin nan nata ba zai zauna banza ba. In bai sami ƙasa ba, sai ya koma kan gashin ta kusa da ita. Ta kan fara da gindin wutsiya da gadon baya. In gashi ya tuge, fata ta fito, jini ya ɗan tsatso, to, an buɗe ƙofa, gama jan abu yana jan hankalin kaza ƙwarai. Ɗaya ta sara, ta biyu ta gani ta kwaikwaya, kafin azahar rabin akurki ya koyi halin. Halin nan kuwa in ya kama garke, fitarsa da wuya.

Akwai lokatai biyu da a ka fi jin tsoronsa. Ɗaya shi ne sa'ad da 'yan tsaki ke sake gashi, daga mako 3 zuwa 6, gama sabon gashi yana da jini a cikin kararsa, yana kuma sheƙi. Ɗayan shi ne sa'ad da sagaru su ka soma ƙwai, wajen mako 18 zuwa 22. Kaza in ta saka ƙwai, jan naman mafitar ƙwan ya kan ɗan leƙo waje kafin ya koma. In a fili ta saka, a gaban 'yan'uwanta, cikin haske, sai su kai masa sara. Wannan shi ne mai kisa, domin su kan ja har hanji ya fito.

Kafin a yanke cewa sara ne, a duba da kyau. Kazar da zakara ya dama da barbara gadon bayanta ne ke gwaiguyewa, da ƙeyarta inda ya ke kamawa. Kazar da ke zubar da tsohon gashi na shekara fatarta lafiya lau ta ke, ba jini. Ƙwarƙwata a kan gan ta in an buɗa gashi a ƙarƙashin fiffike da gefen dubura. Akwai kuma ƙananan ƙwari masu shan jini da ke ɓuya a tsagar bango da rana su fito da dare. Sai an shiga da fitila bayan isha a ke ganinsu. Cizon ɓera da gafiya da dare ya ke faruwa, sara kuwa aikin rana ne. Hanya mafi sauƙi ita ce mai kaji ya sami wuri ya zauna shiru rabin sa'a da hantsi yana kallo. Zai ga mai yi da idonsa, sau da yawa ma da jini a bakinta.

Abin da za a yi wa wadda a ka sara

Aiki na fari shi ne a fitar da ita nan take. Ba a cewa sai gobe, ba a cewa sai maigida ya komo daga kasuwa. Kazar da ke jini a cikin 'yan'uwanta tana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. A sa ta a kwando ko kwali mai shimfiɗar busasshiyar ciyawa, a wuri mai inuwa da ɗan duhu, inda ƙuda ba su da yawa.

In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 5 ko fiye, ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In bai tsaya ba, a barbaɗa ɗan garin sitaci a sake dannewa. In sabon gashi ne ya karye yana zubar da jini ta kararsa, sai a kama gindinsa a tuge shi gaba ɗaya, sa'an nan a danne ramin.

Bayan jini ya tsaya, sai wanki. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Da shi za a wanke mikin, a fitar da ƙasa da kashi da busasshen jini. Gashin da ke faɗawa cikin mikin a rage shi da almakashi. Sa'an nan a shafa maganin miki, irin aidin ɗin nan mai ruwan ƙasa da a ke samu a kantin magani, a sirka shi da tafasasshen ruwa har ya yi kamar shayi marar kauri. Inda ba a sami wannan ba, zuma tsantsa tana da amfani a miki, sai dai a kiyayi tururuwa. A maimaita safe da yamma kwanakin farko, in miki ya soma bushewa a koma sau ɗaya.

A nan akwai maganar shuɗin maganin nan da a ke kira ji-bi. Shekaru da yawa shi a ke shafa wa kaji, domin yana busar da miki, yana kuma ɓoye jan jini. Amma a 2019 hukumar lafiya ta ƙasar Kanada ta yi gargaɗi cewa yana iya jawo ciwon daji, a ka janye shi daga kasuwarsu, a Amurka kuma ba a yarda a yi amfani da shi ga dabbobin da za a ci ba. Saboda haka ga kazar da za a ci namanta ko ƙwanta, aidin ya fi.

Abubuwan da ba a sa wa miki kuwa su ne baƙin man mota, da kananzir, da baƙin garin cikin batir, da barkono. Waɗansu su kan shafa su wai don ɗaci ko wari ya kori masu sara. Ƙona naman su ke yi, su hana shi haɗewa, waɗansunsu kuma guba ne da ke shiga jikin kazar, daga nan ya shiga tukunya. Haka nan al'adar fasa kafso a zuba a ruwan kaji duk sa'ad da a ka ga wani abu, ba ta da kyau. Sara ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, balle kafso ya hana shi. Yawan ba da irin waɗannan magunguna barkatai shi ke sa su daina aiki ga dabba da mutum duka. In miki ya kumbura, ya yi zafi, yana wari ko ruwa, a nan ne a ke bukatarsu, malamin dabbobi ne kuma zai faɗi wanda za a ba da, da kwanakin da za a dakata kafin a ci ƙwai ko nama.

Da zafi da damina babban abokin gaba shi ne ƙuda. Ƙuda in ya yi ƙwai a miki, kafin kwana guda ya zama tsutsa. A riƙa duba mikin kullum, musamman na ƙarƙashin wutsiya. In an ga tsutsa a tsince ta sarai, a wanke da ruwan gishiri, a rufe kwandon da tsohon gidan sauro.

A ajiye mata ruwa kusa da bakinta. In ta galabaita ba ta sha, a sa ɗan sukari a ruwan, a riƙa tsoma bakinta a hankali; kada a ɗura mata, gama ruwan na iya bin hanyar numfashi. A ba ta abinci mai laushi, kamar jiƙaƙƙiyar dusa da dafaffen ƙwai. Fatar kaza tana da saurin warkewa fiye da yadda a ke zato. Kazar da a ka saɓule wa fatar kai, wadda mai ita ya fid da rai, sau da yawa ta kan warke cikin 'yan makonni in an tsare tsabta. Gashin da a ka tuge daga tushe ya kan sake tsirowa cikin wata ɗaya ko biyu. Wanda ya karye a tsakiya kuwa sai lokacin sake gashi.

In naman mafitar ƙwai ne ya fito bai koma ba, kuma ba a riga an huda shi ba, a wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa ɗan man kaɗe ko zuma, a mai da shi ciki a hankali da yatsa mai tsabta. A ajiye ta a duhu, a rage mata abincin masu ƙwai kwana kaɗan don ta dakata da saka. Amma a faɗa wa mai ita gaskiya, sau da yawa ya kan sake fitowa. In kuwa an huda ciki, ko hanji ya fito, ko kazar ba ta iya tsayuwa, babu amfanin jinya. A yanka ta tun da sauran ranta, a hutar da ita, kada a bari ta zama mushe a yi hasara biyu.

Mai da ita cikin garke shi ma sai da dabara. Ba a mai da ita sai miki ya rufe sarai, ba ja ba ɓawo. Tun tana jinya, in ta ɗan farfaɗo, a ajiye kejinta inda sauran za su riƙa ganinta ba su iya taɓa ta, domin kazar da ta daɗe ba a gan ta ba ta kan koma baƙuwa. A mai da ita da dare, a ɗora ta kan sandar kwana, da safe a watsa tsaba a wurare da yawa don hankalinsu ya rabu, a kuma tsaya a ga yadda za su karɓe ta. Mai saran ita ma a ware ta kwana kaɗan. In an mai da ita ta koma halinta, wuƙa ce maganinta. Kada a kai ta kasuwa a sayar wa mai neman ta kiwo, gama an kai masa fitina ke nan.

Lissafin wuri

Duk wannan jinya ce kawai. In ba a gyara abin da ya kawo saran ba, gobe wata za a fitar. Mafi yawan lokaci kuwa abin da ya kawo shi cunkoso ne, a nan ne kuma malaman hakimai za su fi taimakawa, domin magana ce ta awo da lissafi.

Ƙa'idar da masana kiwo ke bayarwa ga kajin gida ita ce, kowace babbar kaza ta sami murabba'in ƙafa 4 a cikin ɗaki, watau ƙafa 2 tsawo, ƙafa 2 faɗi, in kuma akwai shingen da su ke fita shan iska, ta sami murabba'in ƙafa 8 zuwa 10 a can. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 10 faɗi murabba'insa 120 ne. A raba da 4, ya ba da kaji 30. In ɗakin zagayayye ne irin na bukka, a auna faɗinsa ta tsakiya, a ninka da kansa, a ɗauki kashi uku cikin huɗu. Mai faɗin ƙafa 10 zai ba da wajen 75, watau kaji 18 ko 19. Manyan gonaki su kan zuba fiye da haka. A dokar Tarayyar Turai ta 1999 an yarda da kaji 9 a murabba'in mita ɗaya, amma wannan a gidajen da ke da injin jan iska ne, a ƙasashen sanyi. Ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya ɗaukar wannan lissafi.

Kuskuren da a ka fi yi shi ne na mantawa da girma. Ɗan tsako ran da a ka ƙyanƙyashe shi nauyinsa wajen giram 40 ne. Sagara mai shirin ƙwai ta kai kilo ɗaya da rabi, watau ta ninka kusan sau 40. Mutum ya kan sayo 100 ya ga sun taru a kusurwa ɗaya, ɗaki fayau, ya ce ai wuri ya ishe su. Bayan wata uku ɗakin bai ƙaru ba. Rabin murabba'in ƙafa ya ishi ɗan tsako har mako 4, daga nan ƙafa ɗaya har mako 8, daga nan sai a yi ta ƙari. Saboda haka kafin a sayo, a yi lissafi da girman da za su kai, ba da wanda su ke da shi yau ba. Wanda ɗakinsa na kaji 30 ne ya zuba 60, gara ya sayar da rabi da hannunsa ya karɓi kuɗi, da ya riƙa kwasar gawa ɗaya ɗaya.

Cunkoso ba a faɗin ƙasa kaɗai ya ke ba. Akwai cunkoson bakin abinci. Kowace kaza tana bukatar inci 4 a bakin kwatamin abinci, yadda duka za su ci lokaci guda. Kasko ɗaya a tsakiyar kaji 30 gayyatar faɗa ne, gama manya za su tsare shi, ƙanana su kwana da yunwa. A raba abinci da ruwa a wurare biyu ko uku, nesa da juna, yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare su duka ba. Kaza mai ƙwai tana shan wajen rubu'in lita a yini, da bazara kuwa ta kan ninka. Kada kaskon ruwa ya bushe ko da sa'a guda.

Akwai cunkoson wurin kwana. A gitta sanduna, kowace kaza ta sami inci 8 zuwa 10. Sanda mafaka ce kuma da rana ga wadda a ke kora. Sai dai a lura da tsayinta, kada ta zama daidai inda na ƙasa za su miƙa wuya su sami duburar na sama.

Akwai cunkoson wurin saka ƙwai. Kowaɗanne kaji 4 ko 5 su sami gurbi ɗaya, ƙafa ɗaya ta kowane gefe, da ciyawa a ciki, a ɓangaren da ya fi duhu. Tsohuwar tukunya da a ka kwantar, ko kwando, ko akwatin katako da tsumma a bakinsa, duk sun isa. A sa su tun kafin sagaru su soma ƙwai. Wannan kaɗai yana rage saran dubura ƙwarai.

Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Kada a haɗa manya da ƙanana, ko kaji da zabi da talo-talo a ɗaki guda. Kazar da a ka sayo daga kasuwa a ware ta mako 3 ko 4 kafin a haɗa, don sara da kuma don cuta.

Zafi, haske, abinci da aikin yi

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, ta kan rage shi ta hanyar haki da buɗe fukafukai. In an ga kaji sun saki baki suna haki, to, zafi ya yi musu yawa, kaza mai jin zafi kuwa mai saurin sara ce. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano, a buɗe tagogi ta gefe biyu a sa waya, a sake ruwa mai sanyi da tsakar rana. Gwaji mai sauƙi shi ne mutum ya tsuguna daidai tsayin kaza ya shaƙa. In warin kashi ya sa idonsa yaji, iska ba ta isa ba, shimfiɗa kuma ta jiƙe.

Haske mai yawa shi ma yana tsokanarsu. Tun da fitilun caji da na hasken rana su ka wadata, waɗansu su kan bar wa kaji fitila har wayewar gari, wai don su yi ta ci su yi ƙiba. Wannan kuskure ne. Kaza mai ƙwai ba ta bukatar fiye da sa'a 16 na haske, hasken kuma ya zama mai laushi. Da zarar sara ya ɓarke, a rataya buhuna a tagogin da rana ke faɗowa, ba tare da an toshe iska ba. Rage haske shi ne mafi saurin kwantar da garke kafin a gyara sauran abubuwa.

Game da abinci, dawa da masara da dusa zalla ba su isa kazar kulle ba. Sinadarin gina jiki a cikin hatsi wajen kashi 10 ne cikin 100, mai ƙwai kuwa tana bukatar 16 ko 17. Kazar sake ta kan cike giɓin da gara da fara da tsutsa. Ta kulle sai abin da a ka ba ta. Gashi kuwa kusan dukansa wannan sinadari ne, shi ya sa kazar da ta rasa shi ta kan tuge gashi ta haɗiye. In an duba ƙasan akurki ba a ga ko ƙaramin gashi ɗaya ba alhali kaji sun yi tsirara, to, cinyewa su ke yi. A ƙara musu ƙuli-ƙuli, da soyayyen waken soya, da garin kifi, da gara, da ƙonannen ƙashi da a ka daka. Ɓawon ƙwai a gasa shi a niƙe kafin a ba su, don kada su koyi shan ƙwai. A kiyayi ƙuli-ƙuli ko gyaɗar da ta yi funfuna: a 1960 a Ingila talo-talo wajen 100,000 su ka mutu saboda dusar gyaɗa mai funfuna, a nan ne a ka gano gubar da ke cikinta. Mai haɗa abinci da kansa ya sa gishiri babban cokali 2 a kilo 10, ba fiye ba, gama rashinsa yana kawo sara, yawansa kuma yana kisa. Abincin kamfani an riga an sa masa. Abinci na gari ya fi na dunƙule ga kaji masu sara, don ya fi ɗaukar lokaci kafin a cinye.

Sa'an nan a ba bakin aikin yi. A shimfiɗa buntun shinkafa, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, ko garin katako, kaurin inci 4, a riƙa watsa ɗan gero a ciki da la'asar su yi ta tono. A rataya damin zogale, ko rama, ko harawa, ko tsagin kabewa, daidai inda sai sun ɗan miƙa wuya. A ajiye kwatarniya da yashi da toka don birgima, wadda ke rage musu ƙwarƙwata. Waɗannan duk ba su cin kuɗi. An kuma tabbatar 'yan tsakin da su ka tashi a kan shimfiɗa suna tono tun suna ƙanana ba su cika zama masu figa ba in sun girma.

Za a tambayi hakimai game da yanke baki, don manyan gonaki suna yi. Yanke baki yana rage rauni, amma ba ya kawar da dalili. Bakin kaza yana da jijiyoyi, tana jin zafin yankan. Ƙasar Norwe ta hana shi tun 1974, Suwidin a 1988, dokar Turai kuma ba ta yarda da shi ba sai ga ɗan tsakon da bai kai kwana 10 ba, a hannun gwani. Mai kaji 20 ko 50 a bayan gida ba ya bukatarsa in ya gyara wuri. Ɗaukar reza ko jan ƙarfe a gida a guntule wa babbar kaza baki zalunci ne, sau da yawa ma ta kan kasa ci ta rame. In lalle sai an yi, malamin dabbobi ne zai yi, ba kuma a wuce sulusin bakin sama ba.

Abin da a ke roƙon hakimai

Ana roƙon hakimai, in sun tara dagatai da masu unguwanni, musamman gab da faɗuwar damina sa'ad da a ke umartar mutane su tsare dabbobinsu saboda shuka, su haɗa da wannan bayani. Kajin da su ka saba yawo, in an kulle su farat ɗaya, su ne su ka fi saurin sara. Kuma tun da yawancin kajin na mata ne, maganar da ta tsaya a zaure ba ta kai inda a ke so ba. A bi ta hannun ungozomomi, da shugabannin mata, da 'yan makaranta.

Malamin hakimi kuwa, in an fita rangadi, ya riƙe igiya mai ƙulli a kowace ƙafa. In an kawo kuka, ya auna ɗaki, ya ƙidaya kaji, da kasake, da gurabun ƙwai, da zakaru, ya rubuta, ya faɗa wa mai gida adadin da wurinsa zai ɗauka.

Abu ɗaya ne ba a jinkiri da shi. Sara yana kashe kaji ɗaya ɗaya, da rauni a bayyane. In kuwa kaji na mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu ba rauni, ko suna koren zawo, ko wuya na murɗewa, ko zanko ya yi baƙi fuska ta kumbura, wannan annoba ce. Tana iya zama cutar Nukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu, wadda kuma a ke yin maganin rigakafinta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Tana iya zama murar tsuntsaye, wadda a ka fara tabbatarwa a Nijeriya a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, ita kuwa tana iya kama mutum. A irin wannan hali kada a yanka, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa gawar. Dagaci ya sanar da hakimi a ranar, malamin hakimi kuma ya rubuta wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma sunan ƙauyen, da ranar da abin ya soma, da yawan kajin da su ka mutu, da alamomin da a ka gani.